Gida Naka, Ƙasa Ta Wani: Yadda Wata Unguwar Gidajen Tirela a Kalifoniya Ta Tsira Daga Rusau

Yadda wurin yake kafin 2012

Unguwar da wannan nazari ya bibiya tana cikin birnin Palo Alto na jihar Kalifoniya a Amurka, a bayan wasu shaguna da gidan mai da ke bakin babban titin El Camino Real. Daga nan zuwa jami'ar Stanford tafiyar 'yan mintuna ce a mota. Faɗin filin eka 4.5 ne kacal, amma a wancan lokacin a cikinsa akwai gidajen tirela kusan 100, wato gidajen da ake ƙerawa a masana'anta a jawo su da mota, da ƙananan ɗakunan haya 12, kuma masu kwana a wurin sun kai mutum 400. Tun cikin shekarun 1920 aka buɗe shi a matsayin masaukin matafiya, sannu a hankali masu yada zango suka zama 'yan gida. Iyalin da ke riƙe da filin lokacin da rikicin ya taso sun saye shi ne a 1986.

Mafi yawan mazauna 'yan asalin Meziko ne da sauran ƙasashen Latin Amurka. Su ne masu gyaran lambunan attajiran birnin, masu girki da wanke-wanke a gidajen abinci, masu sharar ofisoshi, masu renon yara da jinyar tsofaffi, da leburorin gini. A tsakiyar shekarun 2010 kuɗin matsakaicin gida a Palo Alto ya haura dala miliyan 2, hayar ɗaki da falo kuma ta wuce dala 2,000 a wata. Wannan unguwa ita kaɗai ce irinta a duk birnin, kuma tana cikin 'yan wuraren da suka rage da mai ƙaramin albashi zai iya kwana kusa da inda yake aiki.

Tsarin zama a irin wannan wuri shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Gidan na wanda ke ciki ne, da kuɗinsa ya saya, da sunansa a takarda. Ƙasar da gidan ke zaune a kai kuwa ta mai fili ce, duk wata ana biyan hayarta. A wannan unguwa hayar ta kai kusan dala 700 a wata. Haka miliyoyin Amurkawa ke zaune a dubban unguwanni irin wannan daga gabas zuwa yamma.

A masana'anta ake ƙera gidan, babbar mota ta jawo shi zuwa inda zai zauna. Da an iso sai a ɗora shi kan tubalan siminti, a cire tayoyin, a zagaye ƙasansa da kwano ko allo don kada iska da dabbobi su shiga, a haɗa masa ruwa da wuta da gas da bututun bahaya. Daga nan shekaru su fara aikinsu. An haifi yaro, sai maigida ya ƙara ɗaki a gefe da katako. 'Yar uwa ta zo daga gida, a yi mata rumfa a baya a sa ƙofa. A gaba a kafa 'yar baranda, uwargida ta jera tukwanen fure da barkono. Bayan shekara 20, wanda ya ce zai sa ƙugiya ya ja wannan gida ya hau titi da shi, tarkace kawai zai kai. Kotun Ƙolin Amurka ma ta faɗi haka a 1992, a wata shari'a da ta taso daga garin Escondido na Kalifoniya, inda ta ce cikin gidaje 100 irin waɗannan kusan ɗaya ne kawai ake taɓa ɗagawa bayan an girke shi. Ko da gidan zai jure tafiya, sai an sami inda za a karɓe shi, alhali yawancin unguwanni ba sa karɓar tsofaffin gidaje, musamman waɗanda aka ƙera kafin 1976, shekarar da gwamnatin tarayya ta kafa ƙa'idar ƙera su. Da yawa daga gidajen wannan unguwa tsofaffi ne, wasu ma motocin kwana ne na yawon hutu da aka mayar gidajen dindindin.

Wurin ba aljanna ba ne. Lungunan matsattsu ne, gida na shaƙar numfashin gida, wayoyin wuta da bututun ruwa sun tsufa. Amma yaran unguwar suna zuwa makarantun gwamnati na Palo Alto, waɗanda ke cikin mafi inganci a jihar, kuma a Amurka adireshin gidanka shi ke yanke makarantar da ɗanka zai shiga. Iyaye da yawa saboda wannan kaɗai suka haƙura da ƙuncin wurin.

Satumba zuwa Disamba 2012: takardar tashi

A watan Satumba na 2012 masu filin suka sanar da mazauna cewa suna shirin rufe unguwar. A watan Nuwamba suka shigar da takardar neman izini ga hukumar birni. Sun riga sun ƙulla yarjejeniya da wani babban kamfanin gine-gine da ke son rushe wurin ya gina benaye masu gidajen haya kusan 180, irin waɗanda ma'aikatan kamfanonin fasaha ke iya biya. Hujjarsu ita ce bututu da wayoyin wurin sun kusa ƙarewa, gyaransu zai ci kuɗi mai yawa, kuma bayan shekaru sama da 25 suna wannan sana'a suna da 'yancin su bar ta.

Doka ba ta hana su ba. A Kalifoniya mai fili na iya rufe unguwarsa, sai dai dole ya rubuta rahoto kan yadda rufewar za ta shafi mazauna. Palo Alto ta ƙara tata dokar a 2001, wadda ta ce sai birni ya gamsu da rahoton, kuma sai mai fili ya biya tallafin da zai sa kowane gida ya sami makwancin da ya yi daidai da wanda ya bari, a cikin tazarar mil 35. Idan izini ya fito, notis ɗin wata 6 ya rage.

Tun ranar da labari ya fita, darajar gidajen ta faɗi. Wa zai sayi gidan da ba ya ɗaguwa a kan filin da za a rushe? Wanda ya zuba duk abin da ya tara a cikin gidansa ya wayi gari ba ya iya sayarwa, ba ya iya tafiya da shi. Rufin da ke yoyo ma sai mutum ya tsaya tunani kafin ya kashe kuɗin gyara, tunda bai san ko zai ga damina ta gaba a wurin ba.

Mazauna suka kafa ƙungiya, suka zaɓi shugabanni daga cikinsu. Lauyoyi daga ƙungiyoyi biyu masu kare marasa galihu, Law Foundation of Silicon Valley da Western Center on Law and Poverty, suka karɓi shari'arsu kyauta. Maƙwabta daga unguwannin masu hali da ke kewaye su ma suka kafa tasu ƙungiyar ta goyon baya, coci-coci da wuraren ibadar Yahudawa suka shigo, haka ƙungiyar iyaye da malamai.

Wani abu da mazauna suka yi ya taimaka wajen jawo waɗannan mutane. A al'adar Meziko, kafin Kirsimeti ana yin wani biki mai suna posada, inda ake kwaikwayon yadda Maryamu da Yusufu suka bi gida-gida suna neman masauki. Sai 'yan unguwar suka buɗe ƙofa suka gayyaci duk garin. Aka jera fitilu a lunguna, mata suka dafa tamale, wato ƙullin masara da nama a naɗe cikin ɓawon masara, da miyar pozole, yara suka yi rawar gargajiya. Mutanen da suka yi shekaru suna wucewa ta bakin titi ba su san da unguwa a bayan gidan man ba, suka shigo suka ci abinci a ƙofar gidan matar da ke share musu ofis. 'Yan majalisar birni ma sun riƙa zuwa, bikin kuma ya zama na shekara-shekara.

2013: yunƙurin saye da kansu

Dabara ta farko ita ce mazauna su sayi filin su zama masu shi a ƙungiyance. Ba sabon abu ba ne a Amurka. Tun 1984 wasu iyalai 13 a garin Meredith na jihar New Hampshire suka yi haka da rance, kuma daga baya ɗaruruwan unguwanni sun bi sawu. Da taimakon masana harkar rance, ƙungiyar mazauna unguwar ta Palo Alto ta haɗa tayin dala miliyan 14.5, wanda za a biya da bashi a riƙa cirewa daga hayar wata-wata.

Masu fili suka ce albarka. Suna da yarjejeniya da kamfanin gine-gine a hannu, kuma kuɗin da ake maganar kamfanin zai biya ya kai kusan ninki biyu na tayin mazauna. Mazauna sun yi lissafi ne da abin da hayarsu za ta iya biya, kamfanin kuma ya yi nasa da hayar benayen da ba a gina ba tukuna. Babu dokar da ta tilasta wa mai fili ya saurari tayin 'yan hayarsa.

A wannan shekarar dai rahoton da masu fili suka miƙa ya yi ta kai da kawo. Jami'an birni suka mayar da shi sau da dama suna cewa bai cika ba. Sai a watan Fabrairu na 2014 aka amince ya cika.

2014: zaman sauraro

A watan Mayu na 2014 wani jami'in sauraron ƙorafi da birni ya naɗa ya zauna kwana 3 yana jin ɓangarorin biyu. Abin da masu fili suka yi tayin biya ya ƙunshi kuɗin gidan kowa kamar yadda mai ƙiyasi ya yanke, kuɗin kwashe kaya, kuɗin kama sabuwar haya, da cikon bambancin da ke tsakanin tsohuwar haya da sabuwa na tsawon wata 12.

A takarda wannan ya yi kama da adalci. Lauyoyin mazauna suka nuna inda yake da rami. Kuɗin da aka yanke wa yawancin gidajen ba zai sayi ko tsohon gidan tirela a wata unguwa ta yankin ba. Cikon haya kuma na shekara guda ne, bayan ta ƙare iyalin da ke biyan dala 700 za su fuskanci hayar da ta ninka sau uku da albashin da bai motsa ba. Ƙarshenta sai barin yankin gaba ɗaya, aiki ya tafi, makaranta ta tafi.

Maganar makaranta ita ta fi ɗaukar lokaci. Yara 'yan firamare da 'yan sakandare suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka yi magana da bakinsu, wasu iyaye kuma suka yi da Sifaniyanci ana fassarawa. Wasu malaman jami'ar Stanford biyu sun bi gida-gida a unguwar, suka ƙirga yara sama da 100, kuma ba su sami ko ɗaya da ya yar da karatun sakandare ba, alhali a sauran yankin yawan 'ya'yan 'yan Latin Amurka da ke barin makaranta abin damuwa ne. Tambayar da aka ajiye gaban jami'in ita ce, idan doka ta ce a ba mutum wuri daidai da nasa, shin makarantar 'ya'yansa na cikin lissafi?

Ana cikin jiran hukunci, a tsakiyar shekarar, kamfanin gine-ginen ya janye daga cinikin. Murna ba ta daɗe ba, don masu fili sun ce da kamfani ko babu za su rufe. A ƙarshen watan Satumba jami'in ya amince da rahoton da tallafin da ke cikinsa. Ƙungiyar mazauna ta ɗaukaka ƙara zuwa majalisar birni.

2015: kuɗi ya samu, izini ya fita, ciniki ya watse

A watan Janairu na 2015 Joe Simitian, ɗan majalisar gundumar Santa Clara mai wakiltar yankin a lokacin, wanda ya taɓa zama magajin garin Palo Alto, ya kawo shawarar gunduma ta ware dala miliyan 8 don sayen filin. Ba daga harajin jama'a kai tsaye za a ciro ba. Akwai wani asusu da jami'ar Stanford ke zuba wa kuɗi a madadin izinin faɗaɗa gine-ginenta, da sharaɗin a kashe shi kan gidaje masu rahusa a cikin mil 6 daga harabar jami'ar. Unguwar ta faɗo cikin wannan da'ira. Birni ma ya ware miliyan 8 daga nasa asusun gidaje. Zuwa watan Yuni kowannensu ya ɗaga nasa zuwa miliyan 14.5, jimla miliyan 29.

A daidai wannan lokaci majalisar birnin da ke ware kuɗin ceto tana zaune a matsayin alƙali kan takardar rufewa. A watan Afrilu ta nemi mai ƙiyasi ya sake lissafi ya sa darajar makarantu da tsaron unguwa a ciki. Mai ƙiyasin ya ƙi, ya ce ba za a koya masa aikinsa ba. Majalisa ta ja da baya, ta tsaya kan a sabunta ƙiyasin, wani masani na biyu ya duba shi. Ranar 26 ga Mayu 2015 ta ba da izinin rufewa. 'Yan majalisar sun ce ba da son ransu ba, doka ce ba ta bar musu wata ƙofa ba.

Aka ɗauko wata ƙungiya mai suna Caritas Corporation, wadda ke saye da gudanar da irin waɗannan unguwanni ba don riba ba, ta miƙa tayi da kuɗin gunduma da na birni. Ana tsaka da tattaunawa, a watan Agusta, lauyoyin mazauna suka kai birni ƙara kotun jiha kan izinin da ya bayar. Suna da dalili: wa'adin shigar da irin wannan ƙara gajere ne, in ya wuce ya wuce, kuma in ciniki ya lalace bayan nan ba su da sauran kariya. Masu fili kuwa suka ɗauki ƙarar a matsayin cin fuska, suka tashi daga teburin ciniki. A watan Nuwamba su ma suka shigar da tasu ƙarar a kotun tarayya da taimakon ƙungiyar lauyoyi ta Pacific Legal Foundation, suna cewa tilasta musu biyan kusan dala miliyan 8 kafin su bar sana'arsu ya saɓa wa tsarin mulki, kuma matsalar tsadar gidaje ta birni ce gaba ɗaya, bai kamata a ɗora ta a wuyan iyali guda ba.

Shekarar ta ƙare da kuɗi a ajiye babu mai karɓa, da ƙararraki biyu a kotuna biyu. Mazauna na kwana da sanin cewa kowace safiya notis ɗin wata 6 zai iya bayyana a ƙofa. Wasu iyalai ba su iya jure wannan zaman ɗar-ɗar ba, suka tattara suka tafi.

2016: hannu na uku da hukuncin kotu

A tsakiyar 2016 abubuwa biyu suka faru kusan lokaci guda. Kotun tarayya ta kori ƙarar masu fili bisa ƙa'idar shigar da ƙara, ba ta kai ga duba gundarin hujjarsu ba. Sannan Hukumar Gidaje ta Gundumar Santa Clara ta shigo cikin yarjejeniya da birni da gunduma. Hukumar ta zo da kuɗin da take samu daga gwamnatin tarayya, ta kuma zo da abin da Caritas ba ta da shi, wato ikon karɓe fili don amfanin jama'a tare da biyan mai shi cikakkiyar diyya, ko yana so ko ba ya so. Mai karatu a Nijeriya ya san irin wannan iko, don dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna damar soke mallaka saboda amfanin jama'a, sai dai mun fi ganin sa yana tayar da talaka daga matsuguninsa. A nan an ɗaga shi ne don talaka ya zauna inda yake.

A watan Disamba alƙali Brian Walsh na kotun jiha da ke gundumar ya yanke hukunci kan ƙarar mazauna. Ya soke izinin rufewa, yana mai cewa majalisar birni ta amince da tallafin ƙaura alhali ba ta san adadin da kowane gida zai samu ba, tunda ba a kammala sabon ƙiyasin ba. Hukuncin bai ce ba za a rufe unguwar ba. Ya ce ne a koma a sake aikin yadda ya kamata. A cikin watan nan dai hukumar gidaje ta amince a miƙa wa masu fili tayi a rubuce.

2017: ciniki ya faɗa

Yanzu lissafin masu fili ya canja. Kamfanin da zai saya ya tafi, izinin da suka yi shekaru suna nema ya rushe, kuma in sun ƙi sayarwa hukuma na iya zuwa kotu ta karɓa a kan farashin da kotu ta yanke. A watan Mayu na 2017 suka sallama a kan dala miliyan 40.4. Birni da gunduma suka biya miliyan 29, hukumar gidaje ta cika ragowar, ta kuma ɗauki alkawarin gyaran wurin. Shagunan bakin titi suka ci gaba da zama a hannun iyalin. A watan Satumba aka kammala takardu, shekara 5 cur bayan takardar farko.

2018 zuwa 2024: zama ƙarƙashin sabon mai fili

Barazanar rusau ta kau, yara suka ci gaba da zuwa makarantunsu. Amma kuɗin gwamnati da ƙa'idojinsa yake zuwa. Aka fara tantance kuɗin shigar kowane gida, aka turo masu duba gini. Ɗakunan nan da aka ƙara da katako ba tare da izini ba, waɗanda tsohon mai fili ya yi shekaru yana kau da kai a kansu, suka zama matsala a idon hukumar da doka ta ɗora wa alhakin lafiyar gini da tazarar da za ta hana gobara tsallakawa. Wasu gidajen an ga ba su gyaruwa, aka sauya su da sababbi. Yawan mazauna ya ragu daga yadda yake a 2012.

Babban gyaran da aka yi alkawari ya yi ta jan ƙafa. Daga baya hukumar ta fito da tsarin sake gina wurin: bene mai gidajen haya a gefe guda, sababbin gidajen tirela a ɗaya gefen, da sababbin bututu da wayoyi. A nan sabon saɓani ya ɓullo, wannan karon tsakanin mazauna da waɗanda suka cece su. Iyalai suka koka cewa gidajen da za a ba su sun fi nasu ƙanƙanta, don hukuma na ƙirga ɗakuna da ma'auninta, su kuma suna ƙirgawa har da waɗanda suka gina da hannunsu. Wasu ba su yarda da kuɗin da aka yanke wa tsofaffin gidajensu ba, wasu na tsoron shiga sabon bashi, wasu kuma ba sa son komawa 'yan haya bayan sun saba da cewa gidan nasu ne. Kuɗin aikin ya yi ta hawa. A 2024 hukumar ta jingine babban tsarin, ta mayar da hankali kan gyaran bututu da wayoyi, wato matsalar da masu filin farko suka ambata shekara 12 da suka wuce.

Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

A ganina babu mataki ɗaya da za a nuna a ce shi ya ceci wannan unguwa. Tayin mazauna na 2013 ya faɗi saboda ƙasa a Palo Alto ta fi ƙarfin aljihun masu zama a kanta. In aka raba dala miliyan 40.4 kan gidajen wurin, kowane gida zai ɗauki sama da dala 300,000, kuma babu mai wanke-wanken da banki zai ba wannan rance. Abin da ya yiwu a New Hampshire, inda ƙasa ke da sauƙi, ba zai yiwu a nan ba. Tayin 2015 kuma ya faɗi duk da kuɗi na nan, saboda mai saye ba shi da abin da zai sa mai sayarwa ya zauna.

Dokar 2001 ba ta ba kowa 'yancin zama ba, kuma a kowane zaman sauraro na birni mazauna ne suka sha kaye. Amfaninta shi ne lokaci. Rahoton da aka yi ta mayarwa, ɗaukaka ƙara, da shari'ar da ta kai Disamba 2016, su suka ba kamfanin gini damar gajiya, suka ba 'yan siyasa damar nemo kuɗi. Shi ya sa nake ganin ƙarar Agusta 2015, wadda aka zarga da ɓata ciniki a lokacin, daidai ce. Ba don ita ba, da izinin rufewa na nan da ransa ranar da hukumar gidaje ta zo da tayinta, kuma da masu fili ba su da dalilin gaggawar sallamawa.

Lokacin kuma da bai yi amfani ba in da garin bai san su ba. 'Yan majalisa ba sa fitar da miliyoyi saboda mutanen da masu zaɓensu ba su taɓa gani ba. Bikin posada da tsayuwar yara gaban jami'in sauraro su suka sa iyayen Palo Alto suka gane cewa waɗanda za a kora abokan ajin 'ya'yansu ne. Wannan aikin mazauna ne da kansu, kuma shi ne kaɗai ɓangaren labarin da kowace unguwa za ta iya kwaikwaya. Sauran sa'ar wuri ce: asusun Stanford, birni mai arziki, hukumar gidaje mai kuɗi. Unguwanni da yawa a Amurka sun rufe a cikin waɗannan shekaru ba tare da ko ɗaya daga ciki ba.

Hujjar masu fili ma tana da ƙamshin gaskiya. Birnin da ya yi shekaru yana taƙaita gina gidaje masu rahusa shi ya mayar da eka 4.5 mafaka ta ƙarshe, kuma daidai ne da a ƙarshe jama'a suka biya cikakken farashi. Inda ban yarda da su ba shi ne ɗaukar tallafin ƙaura a matsayin ƙwace. Sun karɓi haya shekara da shekaru daga mutanen da suka san ba sa iya ɗaga gidajensu, kuma rufewar za ta shafe dukiyar waɗannan mutane. Majalisar dokokin Kalifoniya ta karkata ga wannan ra'ayi a 2020, da ta yi dokar da ta ce in gida ba zai sami gurbi a wata unguwa ba, sai mai fili ya biya darajarsa ta kasuwa a inda yake zaune.

Babban giɓin yana cikin yarjejeniyar 2017. An canja mai ƙasa, aka samu wanda ba ya neman riba, amma har yanzu gida na mazauni ne, ƙasa ta wani, shawara ma ta wani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma saɓanin da ya kai ga jingine aikin a 2024 ya taso ne daga tambayoyin da ya kamata a zauna da mazauna a warware tun ranar saye: me za a yi da ɗakunan da aka ƙara, da wane ma'auni za a auna girman iyali, wa zai yanke darajar tsohon gida, kuma nawa aka ware wa bututu da wayoyi da ranar da za a fara. Da an rubuta amsoshin nan cikin takardar cinikin, aka kuma ba ƙungiyar mazauna kujeru masu ƙuri'a a kwamitin da ke gudanar da wurin, da iyalan da suka yi shekara 5 suna jiran hukuncin rufewa ba su ƙara wasu 7 suna jiran gyara ba.